Goggo Tasalla da Hanyar da Munka Kashe

In ka taɓa zuwa garinmu, Rijiyar Maliki, to ban san abin da ya kai ka ba, don ba hanyar kowa ba ce. Muna can arewa da Sabon Birni, tsakaninmu da titi tafiyar rabin sa'a a babur, kuma ɗan kabu-kabu sai ka lallashe shi kamin ya yarda ya shigo. Yaran yanzu sun ɗauka haka Allah ya yi mu a lungu. Ina! Mu munka kai kanmu lungu da hannuwanmu, kuma nawa hannun na ciki dumu-dumu. Sunana Kassimu, na haura saba'in, kuma na gaji da jin ana yabona a kan abin da ya kamata a tofa mini yawu.

In ka fita ta arewacin gari za ka ga wani tsohon gawo, a gindinsa randa da moɗa a rataye. Daga nan in ka duba sosai za ka ga ƙasa ta ɗan lotsa, ta miƙe arewa cikin gonaki har ta ɓace. Wannan lotsawar ita ce Hanyar Randa. Da can ita ce uwar hanya ga duk mai fitowa daga wajen Burkusuma da ƙetaren iyaka zuwa Sabon Birni da Isa. Jakan kanwa, raƙuman gishiri, shanun Fulani, masu tafiya cin rani, mata da ɗaurin tabarmi, duk ta nan suke bi. A gindin gawon nan akwai masu fura, da maƙeri, da wanzami, har da wani mai gyaran keke da bai taɓa gyara keke ya yi sati lafiya ba. Labarin duniya duk a nan muke jinsa tun da zafinsa.

Mai randar ita ce Goggo Tasalla, ƙanwar babana. Gajeruwa ce, baƙa, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, kuma bakinta ya fi ƙafarta sauri nesa ba kusa ba. Mijinta Yari mai jakai ne, yana ɗauko kanwa daga arewa. Wata shekara ƙishirwa ta kusa kashe shi a daji, wata Bafillata ta ba shi ruwa a ƙwarya ya farfaɗo. Da ya dawo sai ya sayi randa ya kafa a bakin hanya, sadaka ga matafiya. Goggo takan ce, “Shi yak kafa, ni yab bar ma ɗiba. Aikin ladan maza ke nan.” Yari ya rasu ɗiyarsu Luba tana goye, amma Goggo ba ta bar randa ta bushe ko da yini guda ba.

Rijiyarmu gaba ashirin da biyar ce. Tulu uku take jawowa kowace safiya, ta kai gindin gawo da kanta, kamin ta ɗebo na girkinta. Tana da dokokinta, kuma babu sarkin da ya isa ya taka su. Ba a tambayar baƙo sunansa ko garinsu sai ya sha. Ba a wanke ƙafa da ruwan randa. Wanda ya sha ya watsar da saura, zai ji tarihin kakanninsa. Na ga ranar da ta ƙwace moɗa daga hannun wani malamin haraji da ya fara kurkure baki yana fesarwa, ta ce mishi in wanka yake so gulbi na nan gaba. Mutumin ya hau kekensa ya yi gaba.

Luba ita kaɗai Allah ya bar mata. Ni da Luba taubasai ne, ɗan namiji da ɗiyar mace, don haka tsakaninmu sai wasa da tsiya. Ita tana kirana “bawana”, ni ina kiranta “Mai Giɓi”. Asalin sunan, tana shekara bakwai ta zo wucewa da taɓarya a kafaɗa, ta juya, taɓarya ta ɓantare bakin randa. Goggo ta bi ta da gudu suna zagaya gawo, tana ɗingishi tana zagi, matafiya na ta dariya. Giɓin nan ya zama shaidar randa, kowa ya san ta da shi. A gindin randar ma Luba ta samu miji, wani Amiru daga wani ƙauye a ƙetaren iyaka, tafiyar yini da rabi a ƙasa. Ya sha moɗa uku a jere ba ƙishirwa yake ji ba, Goggo ta ce mishi in zai nemi aure ya nema, ya daina ƙarar mata da ruwa. Bayan an kai Luba da kamar shekara huɗu, tsohuwar randa ta tsage a gindi. Goggo ta kafa sabuwa, ta kai tsohuwar bayan ɗakinta tana tara toka a ciki. Luba ba ta san an yi wannan canji ba.

Sai fari ya zo. Daminar alif ɗari tara da saba'in da biyu ta yi mana rowa, ta saba'in da uku kuma gero ya kawo gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Kamin rani ya raba tsakiya mun koma cin tafasa da anza, mata na tonon gidan tururuwa suna sheƙe ƙwayar hatsi. Mutanen arewa kuwa nasu ya fi namu. Sunka fara gangarowa ta Hanyar Randa, goma, ashirin, ƙauye guda, da shanun da ƙashinsu ke son huda fata. Duk wanda ya iso, rijiyarmu yake nufa. Rijiya ta ja baya, guga ya fara fitowa da laka. Tulun Goggo uku ya koma biyu, ya koma ɗaya, kuma wannan ɗayan nata ne na sha take kaiwa.

Maigari Alhassan ya tara magidanta a zaurensa. Ba mugu ba ne, kada a yi mishi ƙarya bayan ransa, tsoro ne ya kama shi kamar yadda ya kama mu duka. Lokacin ina shekara ashirin da biyar, matata Fatsuma na da tsohon ciki. Shawarar da anka yanke ita ce a kashe hanya. Tafiyar sa'a guda arewa da gari akwai mararraba, inda wata siririyar hanya ta ratse gabas ta bi ta fako ta gangara Isa ba ta taɓa mu ba. Babu rijiya a kanta sai an yi kusan yini ana tafiya, kuma duk wanda ke zauren nan ya san da haka.

Kashe hanya tsohuwar al'ada ce. A zamanin kakanninmu, in agana ta faɗa wa gari, mutanen garin da kansu suke fita su tare hanyarsu: a yi shinge, a zuba toka a gicciye, a kife tukunya a tsakiya. Matafiyi na gani ya san akwai ciwo a gaba, ya ratse. Alama ce ta amana, mai ciwo ke gargaɗin mai lafiya. Ba a taɓa jin garin da ya yi ƙarya da ita ba sai mu. Munka ce za mu ce baƙon dauro ne ke kwasar yara.

Goggo ta ji. Mace ba ta shiga zauren maigari ana shawara, don haka a bakin ƙofa ta tsaya, hannu a ƙugu.

“Alhassan,” ta ce, “tun kana yawo ba wando kake shan ruwan randag ga. Hanya ba taka ba ta, ba ta ubanka ba ta. Kuma Luba na nan tahe da ɗiyanta, na ji a jikina.”

Maigari ya ce, “Haba Tasalla, in Luba ta zo wa ka hana ta? Ɗiyar gari ta. Sati biyu kawai, rijiya ta huta, mu buɗe.”

“Allah shi kai mu sati biyun,” ta ce, ta juya.

Kuskurenmu na farko shi ne shingen. Ƙaya ya kamata a sa, wadda ake janyewa a yini guda. To duk wani icce mai ƙaya an riga an sassare shi an ba awaki ganye. Abin da ya rage kore a dajin nan aguwa ce, wadda ko akuya ba ta ci. Munka sari rassanta munka soka a ƙasa, layi uku. Kowane manomi a Gobir ya san da rani ake dasa aguwa, ba ta neman ruwa, ka soka ta kama. Mun sani! Da ita muke shingen gonakinmu. Amma munka ce ai sati biyu ne.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai. Anka nemi tukunyar kifewa anka rasa, don kowace tukunya a garin tana tsaron ɗan ruwan da ke cikinta. Sai na tuna tsohuwar randa a bayan ɗakin Goggo. Na fakaici idonta tana rijiya, na ɗora randar a jaki da tokarta a ciki. Ga toka ga tukunya, tafiya guda. Har yaba mini dabara anka yi, ni kuma na ji daɗi, wawa kawai.

Anka tsara tsaro, mutum guda kowane yini, ya zauna a mararraba ya faɗa wa masu zuwa abin da anka shirya. Ranar da layi ya zo kaina karo na biyu, rana ta ɗan goce, na hango ayari. Sun kai mutum sittin. Wani dattijo a gaba da sanda, mata da tarkace a ka, yara da ba su da ƙarfin kuka. A cikinsu na ga Amiru yana jan wata saniya, a bayansa Luba, jinjiri a goye, yarinya a hannu. Ni na riga ganinta. Na miƙe na ɗaga murya ga dattijon na zuba mishi karatun: baƙon dauro a gari, yara na mutuwa, ku bi ta gabas.

Luba ba ta saurarena. Randa take kallo. Ta saki hannun yarinyar, ta tako tokar, ta durƙusa, ta sa yatsa a giɓin nan.

A wajenmu ba a kife tukunyar mace a waje tana da rai, sai ta mutu ake fasa ta a rufe kabari da ita. Balle wagga randa, wadda Luba ta san uwarta ba ta rabuwa da ita muddin tana numfashi. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Yaushe?”

Na gane abin da take tambaya, wallahi na gane sarai. Kalma guda ta isa: tana nan. Amma in na ce tana nan, Luba za ta tsallake shinge. In ta tsallake da yara biyu ban hana ba, dattijon nan ba yaro ba ne, zai san babu wani baƙon dauro. Na dubi bakuna sittin a bushe. Na tuna gugan da ke fitowa da laka, na tuna Fatsuma da cikinta. Na sunkuyar da kai, na yi shiru.

Ta ɗauki shirun a matsayin amsa. Ta yi kuka, amma ko hawaye babu a jikinta. Da ta lafa sai ta matso kusa da ni, ita da ya kamata a rarrasa, ta ce, “Kassimu, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Inna, shi sa ta huta. Kai ma uwa kar rasa.” Dattijon ya ɗaga hannu, mutum sittin sunka ɗaga, anka yi wa Goggo Tasalla fatiha, ita kuwa tana can gindin gawo tana kora ƙuda daga bakin moɗa. Ni ma na ɗaga nawa hannun. Na ce amin. Da bakin nan da nake cin tuwo na faɗa, kuma da ƙarfi.

Na miƙa mata gorar ruwana, ta ba yaran, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ta yi ƙoƙarin murmushi ta ce, “Bawana, ka rame.” Sunka juya gabas ta fako. Na tsaya ina kallonsu har sunka ɓace, ina faɗa wa kaina sati biyu ne, da an buɗe hanya za ni bi sawunta in dawo da ita.

Sati biyu ya zama wata uku. Kamin ruwan saba'in da huɗu ya sauka aguwa ta kama ƙasa ta yi tofo. Da ruwa ya sauka kuwa, masu gonakin da ke gefen hanya sunka lura ƙasar hanya ta sha takin dabbobi na shekara ɗari. Wannan ya ƙara kunya biyu, wancan ya ƙara uku, sunka haɗe a tsakiya. Geron da ya fito a wurin ban taɓa ganin irinsa ba. Wa zai ce a tuge gero bayan yunwa? Masu jakai da direbobi sun riga sun saba da hanyar fako, daga baya anka haƙa rijiya a kanta, anka zuba mata tsakuwa. Maƙeri ya tashi ya koma can, masu fura sunka bi shi, wanzami ma haka. Garinmu ya zama inda ba a zuwa sai da dalili, ba a kuma jin labarinsa a ko'ina. Shi ya sa babu wanda ya kai wa Luba labarin uwarta na raye, babu kuma wanda ya kawo mana nata.

Goggo kuwa ba ta fasa ba. Kullum safiya tulu a ka, ɗingis-ɗingis zuwa gindin gawo, ta cika randa, ta zauna tana kallon arewa cikin karan gero. In an ce mata, “Goggo, ai ba kowa,” sai ta ce, “Ruwa ba shi ɓata. In ba ta zo yau ba tsuntsu ya sha, gobe in sake.” Ba ta taɓa cewa “in matafiyi bai zo ba”. Kowa ya san wa take jira.

Bayan an yi girbi ta kira ni ta ce in je garin su Amiru in dubo mata. Na tafi. Yini da rabi na taka a ƙasa zuwa inda na san ba kowa, na tarar da ɗakuna ba ƙyaure, rumbuna a buɗe. A hanyar dawowa na tsaya mararraba na farfasa tsohuwar randa na binne ta cikin aguwa. Na iso na ce mata gari ya watse, babu wanda zan tambaya. Kowace kalma gaskiya ce, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan ba. Ta dafa kaina ta ce, “Allah shi yi ma albarka, ka hi ɗan da anka haifa.” Ta kama kazarta guda ɗaya tak ta ba ni. Na karɓa, munka yanka, ban ci ko loma ba.

Da bayanta ya gaza, ni na karɓi ɗibar ruwan. Kullum safiya tulu biyu a jaki. Gari ya ɗauka da yabo: ga mai zumunci, ga mai riƙon goggo. Har a huɗuba an taɓa kawo misali da ni, ina zaune a sahu na biyu ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Sau ɗaya na yi yunƙurin faɗa mata. Ina zuba ruwa na ce, “Goggo, ranar nan a mararraba...” Ta katse ni ta ce, “Bari, Kassimu. Ba kai kay yanke ba, aike ka anka yi.” Ita kashe hanya take nufi. Na san ba shi nake nufi ba, amma ta buɗe mini ƙofa, na bi na fice. Kowace shekara da ta wuce maganar sai ta ƙara nauyi a baki. Wanda ya kasa faɗa bayan sati biyu, ina zai fara bayan shekara bakwai?

A tamanin da huɗu fari ya dawo. Wannan karon ba mu bukaci kashe hanya ba, babu wanda ya ma tuna da mu balle ya shanye mana rijiya. Mu ne munka fita neman inda za mu ci. Da rani ya shigo na kora bijimin sana na ƙarshe zuwa kasuwar Isa in sayar in auni hatsi. Ina ratsawa ta layin masu abinci sai na ji an kwaɗa kira, “Bawana!”

Na waiga. Luba ce, zaune gaban faifan dambu, ta yi furfura a gefen kai. Ta kama hannun rigata tana dariya tana kuka. Ta zaunar da ni ta zuba mini dambu, ta ba ni labari ban tambaya ba. Jinjirin nan ya rasu a fako washegarin ranar da munka rabu. Yarinyar ta rayu, har an yi mata aure. Sun gangara can ƙasar Funtuwa suna tsinkar auduga shekara goma, bara sunka dawo Isa. Ta ce sau da yawa ta yi niyyar leƙowa gida, amma ba ta iya ganin gawon nan ba Inna a gindinsa. Ta ce duk shekara in lokacin ya zagayo tana dama fura ta raba wa Inna sadaka. Sannan ta tambaye ni wa ya yi mata wanka, kuma ta wane gefen maƙabarta anka sa ta.

Ka san abin da na ce? Na ce sa na jirana a kara, za ni dawo kasuwa mai zuwa mu yi magana a natse. Mutum mai gemu, uban ɗiya biyar, na tashi na bar dambu a faifai na gudu.

Na dawo gida. Goggo na nan gindin gawo, ta ƙara ƙanƙancewa, tana tari. Kwana ɗaya, biyu, uku, ina kai ruwa ina auna wa zan fara faɗa wa, uwar ko ɗiyar, ina shirya kalmomin da za su fitar da ni da ɗan sauran mutunci. A rana ta biyar na kasa, na faɗa wa Fatsuma, tana daka. Ta ajiye taɓarya ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta ce, “Shekara goma sha ɗaya? Kuma yanzu zaune kake?” Ban ma tsaya leƙa Goggo ba, na kama hanyar Isa. A gaggawar nan ban tuna in ce wa kowa ya kai ruwan gobe ba.

Washegari da safe na samu Luba a ƙofar gidansu tana shirin fita da faifai. Na faɗa mata duka a tsaye, tun daga jaki da toka har zuwa amin. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta ajiye faifan a ƙasa, ta gyara mayafi, ta wuce gaba na bi ta. Munka samu motar da ta sauke mu a mararraba. Na nuna mata ta inda ake zagayawa yanzu, ta ce a'a, ta hanyar uwarta za ta shiga. Aguwar nan ta fi tsawon mutum. Ta kutsa da hannu tana karya rassa, farin ruwan aguwa na zuba a zanenta, na bi ta baya. Munka taka cikin gonakin da ba su ba da komai ba wannan shekarar, tana bin lotsawar ƙasa ba ta ɓace ko sau ɗaya ba. A haka har munka hango gawo.

Babu kowa a gindinsa. Moɗa na rataye, ga tulu a jingine da randa. Ta yammacin gari sai ga maza suna dawowa a jere, wasu da fartanya a kafaɗa, da ƙasa a ƙafafunsu.

Abin da anka faɗa mana shi ne, da safe Goggo ta jira jakina ba ta gani ba. Ta ɗauki tulu da kanta, abin da ta yi shekara shida ba ta yi ba. Ta kawo rabin tulu, ta zuba, ta zauna ta jingina da gawo tana fuskantar arewa. A haka wata mata ta same ta, rai ya yi halinsa. Kamin azahar an kai ta.

Luba ta tsaya ta gama ji. Ta ciro moɗa ta ɗebi ruwan da ke ƙasan randa ta shanye, ba ta zubar da ko ɗigo ba, ta mayar da moɗa inda take.

Anka yi zaman makoki kwana uku. Gari duk ya zo ganin Luba, wadda anka daɗe da cire rai da ita. Ba ta faɗa wa kowa komai ba. A rana ta uku, bayan addu'a, ta fito tana bin dangi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi, ta durƙusa ta ce ya haƙuri, a ce da godiya. Ta yi wa yayyena, ta yi wa ƙannena, ta yi wa maigari Alhassan da ciwon ido ya ci shi har ba ya gani. Ni ne na ƙarshe a tabarma. Ta tsaya a kaina, ba ta durƙusa ba, ta yi magana a hankali amma kowa ya ji.

“Kai kam, Kassimu, ba ni yi ma ta'aziyya. Na yi ma tun a mararraba, ka kuwa amsa.”

Washegari ta koma Isa ta kafar da ta ɓara a cikin aguwa, kuma kamin damina ta fita kafar ta haɗe. Ta rayu shekara goma sha tara bayan nan, mun sha haɗuwa a biki da suna, tana gaishe ni da sunana kamar baƙo, ba ta sake ce mini bawana ba. Randa na nan, ni ke cika ta har yau. In hanya ta ɓatar da kai ka iso gindin gawon, ka sha ka wuce abinka, kada ka sa mini albarka.